Takardar da Baba Ya Rufe da Roba

Wata bakwai na yi ina jiran a kira ni ofishin jakadancin Jamus a Legas don neman biza, sai da ya rage kwana huɗu in tafi Baba ya yi min gwaninta.

Wata jami'a ce a Jamus ta ba ni gurbin digiri na biyu a fannin sarrafa ruwa. Mutanen unguwarmu a Guri har sun gaji da tsokanata, wai ruwan da ya ci mana gida sau biyu bai ishe ni ba, sai na je Turai neman ƙari. Ranar Talata na dawo daga Kano, na tarar da Baba a zaure yana gyaran komarsa ta kamun kifi, yana ta murmushi shi kaɗai. Baba ba mai yawan fara'a ba ne. In ka ga haƙoransa, to akwai dalili.

"Uwata, shiga ki ɗaga filonki," in ji shi. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Mardiyya, shi ya sa bai taɓa kama sunana ba.

Na ɗaga filo. Takardar shaidar digirina ce da ta firamare, sai ƙyalli suke yi, sun sandare kamar faranti. An yi musu laminatin, wato an rufe su da roba.

A garinmu, tun ambaliyar da ta mayar da takardun mutane kunu, kowa kai tasa yake Haɗeja a rufe masa da roba, daga takardar gona har katin asibiti. Amma saƙon da aka aiko min daga ofishin jakadancin ya faɗa ƙarara: takardun asali za a kawo, kuma ba a karɓar wadda aka rufe da roba. In na ce zan nemi sabuwa a jami'armu, sai na shafe watanni ina zarya. In kuwa ranar Legas ta wuce ni, gurbin ya tafi ke nan.

"Yanzu ko a kogi ta faɗa, ba abin da zai same ta," in ji Baba daga bakin ƙofa.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma." Abin da bakina ya iya furtawa ke nan.

Washegari na ce masa zan je Haɗeja ɗaukar hoto. Ruwa ya yanke hanya, sai da na shiga kwale-kwale kafin in samu babur. Na wuce shagon Iliya, wani mutumin Filato da ya daɗe a garin yana ɗaukar hoto da buga takardu. Shi ya yi wa Baba aikin.

Da na karanta masa saƙon sai ya dafe kai. "Kai, Malama! Wallahi ban sani ba. Har ce min Baba ya yi in sa mai kaurin, don tafiyar da nisa."

"Tana ɓaruwa?"

"Wani lokaci. Amma bari mu fara gwadawa da ta firamaren."

Babu wuta, sai ya aro dutsen guga na gawayi a wajen telan da ke maƙwabtaka da shi. Ya yanke gefen robar da reza, ya ɗora ƙyalle, ya goga, sannan ya fara ja a hankali. Da farko kamar abin arziki. Sai na ji wata 'yar ƙara, tsat! Robar ta taso da rabin sunana manne a jikinta, inda sunan yake a takardar ya koma fari fat.

Na zauna a benci. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko lokacin da ruwa ya shigo mana ɗaki.

"Ko yanka ni za ki yi, ba zan taɓa ta digirin nan ba," in ji Iliya.

Muna cikin haka aka yi sallama. Baba ne, wandonsa a jiƙe har gwiwa.

"Mai kwale-kwale ya ce min tun daga Guri kike share hawaye," in ji shi. "Na ce ɗaukar hoto ba ya sa kuka."

Idonsa ya faɗa kan takardar da ta lalace. Ba yadda zan yi, na faɗa masa komai, kaina a sunkuye. Ya ɗauki robar ya ɗaga ta wajen haske yana kallon baƙaƙen da suka manne, duk da ba ya karanta boko.

"Wato ni na ɓata," ya ce. "Iliya, zafin ka cika mata, kuma ka yi gaggawa. Ba ni rezar."

"Baba, kar ka..."

"Shekara arba'in ina raba kifi da fatarsa, Uwata. Koma gefe."

Ya wanke hannu ya goge, ya zauna a ƙasa ya ɗora takardar digirina a kan wani katako. Ya sa aka rage gawayin har sai da ya iya taɓa dutsen da tafin hannunsa. Ya yi bismilla. Ya ɗan ɗumama wuri kamar faɗin yatsa, ya zura bakin reza, ya ɗaga, ya jira. Haka ya yi ta yi. Ni kuwa addu'ar da na sani da wadda ban sani ba duk na karanta. Duk babur ɗin da ya wuce a waje, gani nake ƙararsa za ta girgiza masa hannu.

Da ya iso kan sunana sai ya tsaya cak. Gumi na ɗiga daga gemunsa, Iliya ya yi maza ya tare da ƙyalle. Na rufe ido. Da na buɗe, ya wuce, sunana na nan daram. A kan jan hatimin jami'a ma ya sake tsayawa, wannan karon ya fi daɗewa, har na ga leɓensa yana motsi. Aka kira azahar, ba wanda ya motsa a cikinmu.

Wajen ƙarfe biyu robar ta rabu da takardar gaba da baya. Ɗan gefe ɗaya ne kawai ya ƙuje, inda babu rubutu. Iliya ya yi tsalle yana cewa, "Baba, gobe ka zo ka kama aiki a nan!" Ni dariya da kuka suka haɗe min.

Baba bai yi dariya ba. Muka yi salla, muka hau babur zuwa bakin ruwa. Muna tsaye muna jiran kwale-kwale na matsa kusa da shi.

"Baba, ai an gama. Wallahi na ji tsoro kar hannunka ya kuɓuce."

"Ba kuɓucewa na ji wa tsoro ba," ya ce, yana kallon ruwa. "Kin ga sau biyun nan da na tsaya? Zuciyata ce take ce min, ɗan ja kaɗan, Tukur, ba wanda zai ce da gangan ka yi. Shi ke nan ba inda za ta."

Ya miƙo min ambulan ɗin da takardar ke ciki.

"Riƙe abinki, Uwata. Kar ki sake ba ni ajiyarta har ki tafi."