Notin da Ke Kwance Kansa

Karo na farko da tayar gaba ta fara rawa, Auta ta ɗauka hannunta ne ke karkarwa a kan sitiyari.

"Tsaya!" in ji Baba daga kujerar gefe. "Noti ne. Ɗauko gudumar."

Motar ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Kowace taya noti ɗaya ne ke riƙe da ita a tsakiya, ƙato, mai kunne biyu, kuma ba a ɗaure shi sai da gudumar dalma. Tun da ciwo ya shanye wa Baba hannun dama, Auta ce hannunsa: ita ce wanka, ita ce magani, ita ce guduma. Ko bakin titi ba ta zuwa ba tare da shi ba.

Yau kuwa tashar jirgin ƙasa za ta. Dogo, wanda zuciyarta ta daɗe da zaɓa, ya sami aiki a nesa, jirgin yau zai bi, yana jiran jin matsayinta. Jiya ya ce mata, "Zan kashe waya, ba na son amsa ta waya. In na gan ki a tasha, na gane. In ban gan ki ba ma, na gane."

Ta durƙusa a kan kwalta mai zafi, ta daki kunnen notin har ƙarar ta koma ƙwas-ƙwas. Suka tafi. Ko shagon mai walda ba su wuce ba, tayar baya ita ma ta ɗauki rawa.

"Ikon Allah," Baba ya ce. "Ai tafiya ƙara ɗaure su take yi. Wa ya taɓa min mota?"

"Yaya ne ya gyara birki."

"Wannan sarkin gaggawar! Ya kwance ƙafafun duka, ya mayar da na dama hagu, na hagu dama. Shi ya sa. Yanzu duk juyin taya kwance su yake."

Haka suka riƙa jan jiki a siririn layin, shaguna dama da hagu, babu wurin juyawa. Ta tuƙa kaɗan, ta sauka, ta daka, ta koma. Tafin hannunta ya yi bororo ya fashe. Wani direban tifa a bayansu ya leƙo. "Hajiya, mota kike tuƙawa ko sakwara kike kirɓawa?"

Ba ta ko kalle shi ba. Rufin tashar na can gaba, tana hango shi ta saman gine-gine.

"Auta, bar ni nan. Ruga da ƙafa."

Ta dube shi. Gumi ya jiƙe masa wuyan riga, leɓɓansa sun bushe, mataccen hannun na kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Ko gilashi ba zai iya saukewa ba. Ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗayar ta ƙi fita.

Sai jirgin ya yi kuka, dogon kuka, har ya dushe.

Tifar ta raɓa ta wuce.

"Ki yafe min, 'yar nan."

"Haba, Baba."

Ya yi gyaran murya, yana kallon gefe. "In da baya-baya muka koma, ba za su kwance ba."

Auta ta sa giyar baya, ta ɗora hannu a kan kujerarsa, ta juya wuya. Layin duk ya yi mata dishi-dishi, sai da Baba ya riƙa faɗa mata inda kwata take.