Kujerar Baba A'a

A majalisar garin, kujerar Kafinta tana can ƙarshen layi, inda iskar fanka ba ta kaiwa. Da can su da yawa ne a layin, duk 'yan jam'iyya ɗaya. Yanzu saura shi kaɗai. Sauran sun zame ɗaya bayan ɗaya, sun koma ɓangaren masu mulki.

A shagonsa aka haifi jam'iyyar. Lokacin hukuma ta sa ranar rushe unguwar ma'aikata, kowa na zuwa ofis shi kaɗai ya yi roƙo, a sallame shi shi kaɗai. Sai suka fara haɗuwa bayan an tashi aiki, makanikai da masu wanki da matan masaƙa, suna zama a kan katakon da bai gama gogewa ba. Wani malamin makaranta ne ya ce musu kuka ba ya tsayar da katafila, sai dai kujera a majalisa. Suka tsayar da mutum ɗaya, suka bi gida-gida. Unguwar tana nan har yau. Malamin kuwa shi ne shugaban majalisa yanzu, a ƙarƙashin wata tutar.

Ranar da za a yanke shawarar rufe ƙaramin asibitin unguwar, Kafinta ya tashi da ciwon gwiwa. Matarsa ta ce ya yi zamansa, ai da shi da babu shi hannuwa za su tashi. Ya ce ya sani. Ta miƙo masa hularsa.

Da aka karanta ƙudurin, shugaba ya tambaya ko akwai mai ja, ko kai bai ɗaga ba. Wani daga baya ya ce a jira Baba A'a ya miƙe, aka yi dariya. Sunan da suka laƙaba masa ke nan. Ya dafa tebur ya tashi. Bai yi dogon bayani ba, don ƙarfin ya ƙare. Ya ce babban asibitin da ake tura mutane sai an canja mota kafin a kai, kuma mai naƙuda ba ta san jiran mota ba. Wasu na latsa waya, wani na hamma. Aka ɗaga hannuwa, aka wuce wurin.

Bayan an watse shugaba ya kira shi ofis, ya sa aka kawo ruwan sanyi. Kafinta ya gaya masa ba zai sake tsayawa takara ba. Ya gaji da magana da bango. Ya zaci mutumin zai ji daɗi. Sai ya ga ya cire tabarau yana murza ido.

"Idan ka tafi, wa zai ce mini a'a? Mutanen nan ko atishawa na yi tafi suke."

"Kai ka kwashe su ai, Malam," in ji Kafinta. "Ka shuka, ka girba."

Shugaba ya mayar da tabarau ɗinsa. Daga baya ya ce zai duba ko za a bar ɗakin awon masu ciki a buɗe. Haka kuwa aka yi: aka rufe asibitin, aka bar ɗakin awo da ma'aikaciya ɗaya. Kafinta bai san ko nasara zai kira wannan ba.

Da zaɓe ya zo, 'yar ƙaninsa, wadda take aikin jinya a asibitin kafin a rufe, ta ce za ta tsaya. Ya gaya mata gaskiya, wahala ce zalla. Ta ce ta ji. Da ƙyar da jiɓin goshi ta ci kujerar.

Ranar zamanta na farko ta biyo ta shago da yamma, ta cire takalmi, ta zube a kan benci.

"Baffa, ko mutum ɗaya bai saurare ni ba."

Ya ce haka abin yake, amma gobe in abu ya lalace ba wanda zai ce ba a faɗa ba. Ya tura mata kofin shayinsa, ya ce in ta huta ta riƙe masa bakin katakon nan.