Jajayen Idanu a Kwalbar Ƙarshe

A ɗakin gwajin, Uwar Ƙuda ake ce mata, ita kuwa ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Shekaru ta kwashe tana kiwon ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun kayan marmari, tana tace wani iri mai fararen idanu wanda mazansa ba sa waƙa. Namijin ƙuda da fiffike yake zawarci, ya karkaɗa shi har mace ta saurara. Nata bebaye ne, kuma a kan gadon bebancin nan digirinta ya rataya, ga wa'adi ya zo wuya.

Aikin yana da doka ɗaya. Dole a ware matan da sassafe, suna fitowa daga ƙwanso, kafin 'yan'uwansu masu jan ido, mawaƙa, su riga bebayen saduwa da su. Mace in ta sadu da namiji sau ɗaya, ajiye irinsa take yi a ciki, ba mai iya wanke shi.

Ana saura zuriya ta ƙarshe aka kwantar da Baba, mahaifinta, a asibiti. Ta tsaya tana wasiwasi, sai maigidanta, wanda ofishinsa ke saman benen ɗakin gwajin, ya ce ta tafi kawai, zai riƙa ware mata su, shi da ya koyar da wannan aiki tun tana aji ɗaya? Kullum da safe takan kira shi daga bakin gadon Baba, ya ce an gama, har da tsokanar ko surukan nasa za su sa masa albarka. Daɗin da ta ji ba kaɗan ba ne. Har Baba ta gaya wa ta yi dacen miji, tsohon ya gyaɗa kai.

Bayan an yi jana'izar Baba ta koma aiki. Kwalaben ƙudajen na jere tsaf, rubutunsa mai kyau a jikin kowace, tsofaffin kuwa ya zubar don tsafta. Ta sumar da sabbin ƙyanƙyasa, ta baje su a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tana juya su da ɗan burushi. Mace ta farko jan ido, alamar mawaƙi ne ubanta. Ta biyu ma haka. Ta bi su har ta daina gani sosai.

Ta hau bene da kwalbar a hannu. Bai ko musa ba. Wai safiya akwai cunkoso, ga taro, shi ya sa yake leƙawa bayan azahar, kuma a idonsa duk 'yan mata ne.

"Ai da ka faɗa min," in ji ta. "Da na roƙi wani."

"Kina fama da Baba zan dame ki da zancen ƙuda?"

Abin da ya fi ƙona mata rai, da gaske yake ganin alheri ya yi mata, har yana jiran godiya. Ta ajiye masa kwalbar a kan tebur. A ciki wani namiji ya buɗe fiffike yana bin mace.

"Baba ya tafi yana sa maka albarka," ta ce. "Ni na sa shi."