Kashi, Ba Ƙashi Ba

A gafarce ni da wannan karambani. Ni dai karatun littattafan mutane na iya, ban taɓa rubuta nawa ba, ko a aji malama ta kira sunana sai murya ta maƙale mini. Na so labarina na farko ya zama a kan teku ko farin wata, sai ga shi ya faɗo a kan kashi. Wanda ke cin abinci ya ajiye tukuna.

Sunana Ummukulthum. A Mansura muke zaune, cikin Doha. Abbana, Ɗalhatu, injiniya ne, Mama kuma, Rahmatu, turaren wuta take haɗawa tana sayar wa matan Hausawan garin, kuma ba abin da take tattali kamar sunan da ta yi a sana'ar. Da za mu tafi hutu Tailan, sai da ta shelanta wa kowa za ta dawo da itacen ud na asali. Har ta gayyaci Hajiya Zuleiha, matar likita, wadda in ta yaba turare kowa ya saya, in ta yatsine fuska kuwa sai dai mai shi ta koma sayar da zoɓo.

A benen da ke samanmu akwai Inna Talatu, wadda ta zo daga Gusau renon jikanta Yusif. Yaron ya doshi shekara biyu, ƙato da shi, amma ya ƙi takawa. Rarrafe kawai yake, da gudu kamar an biyo shi.

Ana gobe za mu dawo daga Tailan muka je gandun giwaye, inda ake tara waɗanda suka tsufa ko suka sha wahalar aiki. Ba a hawansu. Riga shuɗiya ake ba ka da kwandon ayaba, ka ciyar da su, sannan ka shiga taɓo ka cuɗa musu baya.

"Wato mun keto hazo mu yi wa giwa wanka," in ji Abba. "Ni da ko motata ba na wankewa."

Mama ta tsaya nesa tana riƙe da gefen abayarta. Ni kuwa na karanta littafi guda a kan giwaye kafin mu zo, amma ba inda ya ce hancin giwa jiƙe yake. Wata tsohuwar giwa mai yagaggen kunne ta zare ayabar daga hannuna, ta shafe mini tabarau da majina, ta wuce abinta.

A nan saƙon Inna Talatu ya shigo wayar Abba: "Dalhatu a taimaka a samo min kashin giwa saboda Yusif."

Abba ya gyara tsayuwa, ya kira jagoranmu, wani siririn mutum mai yawan murmushi. Cikin Turancin ofis ya ce masa yana buƙatar ƙashin giwa, ɗan guntu kawai, ko na haƙarƙari ne, kuma zai ga alheri.

Murmushin mutumin ya ɗauke. Ya kira shugabar wurin, ta zo ta dasa mana wa'azi a kan masu kashe giwaye don haure. Turawan da muka zo tare suka ja baya suna kallon Abba, wata har ta ɗaga waya.

Na ja hannun rigarsa. "Abba, wayar Inna ba ta da harafi mai lanƙwasa. Dubi sunanka ma, Dalhatu aka rubuta."

"To sai me?"

"Wataƙila ba ƙashi take nufi ba."

Ya kira ta nan take, ya buɗe murya kowa na ji.

"Ƙashi kuma?" in ji Inna. "Ni mayya ce, Ɗalhatu? Kashi na ce, wanda take yi da safe. Busasshe. A turara wa yaro ya miƙe ya yi tafiya. Duk bokon naka?"

Sai da Abba ya fassara wannan da bakinsa. Jagoran ya yi dariya har ya dafa itace, sannan ya miƙa masa shebur ya nuna masa wani tsibi a bayan rumfa, ya ce ya kwashe duka in yana so.

A masauki Mama ta ce ba za a haɗa mata wannan abin da kayanta ba. Abba ya marmashe shi, ya ɗura a wata kwalbar turarenta da ta ƙare, mai sauran mai a gindi. Ud ɗin da ta saya ma a irin kwalbar ta zuba. Duka biyun ruwan ƙasa ne, duka ɓarɓashi.

Muka dawo Doha. Ranar da mata za su zo ganin ud, Mama na kicin ta ce, "Abban Ummu, yalla, yi sauri ka kai wa Inna saƙonta kafin baƙi su iso." Ya ɗauki kwalba ya hau sama, daga can ya wuce masallaci.

Bayan la'asar falo ya cika. Hajiya Zuleiha ta zauna a kujerar tsakiya, Inna Talatu ta sauko da Yusif ta ajiye shi a kan kafet. Mama ta kawo kasko da garwashi, ta ɗebo daga kwalba da yatsu uku, ta barbaɗa.

Da farko ƙamshin man ne ya tashi. Daga baya wani abu ya biyo, kamar an ƙona ciyawa a garke bayan ruwan sama. Na san warin, don na sha shi a bayan rumfa.

Na raɗa mata, "Mama, kwalbar Inna ce."

Ba ta juyo ba, ta dai matse mini yatsa har ya yi ƙara.

Hajiya Zuleiha ta jawo kaskon, ta buɗe mayafinta ta rufa a kai, ta lumshe ido.

"Rahmatu," ta ce, "wannan shi ne na asali. Na kanti zaƙi gare shi kamar alewa. Wannan kuwa kina jin daji a cikinsa."

Nan take kowa ya ji daji. Aka shiga zagayawa da kasko, mai cusa shi ƙarƙashin zane na yi, mai turara gashi na yi. Da hayaƙin ya iso kan Yusif, sai ya yi atishawa, ya ɓata fuska, ya dafa gwiwar kakarsa ya miƙe. Ya taka, ya sake takawa, ya nufi ƙofa yana tangaɗi, shi kaɗai ne a ɗakin ya nemi tsira.

Aka ɗauki guɗa. Inna Talatu ba ta yi ba. Ta shaƙi iska a hankali, ta dubi kaskon, ta dubi Mama.

"Rahmatu, zo ki ji."

Mama ta durƙusa kusa da ita, ni ina bayansu da farantin dabino.

"Kwalbar da mijinki ya kawo mini," in ji Inna ƙasa-ƙasa, "na buɗe na ce giwayen Tailan ko furanni suke ci."

"Inna, don Allah ki rufa mini asiri."

"A rufe yake, 'yar nan. Kwalbar ma a rufe take a akwatina, kuma can za ta zauna. Halas, ko ba haka kuke cewa ba a nan in magana ta ƙare?"

Mama ta ce, "Halas, Inna."

Sunan Mama ya tsira, ud ya tafi Gusau. Tana miƙewa Hajiya Zuleiha ta ce a ajiye mata duk abin da ya rage, kada a sayar wa kowa.

"Kuma ina son sanin sunan bishiyar, don in faɗa wa likita. Ina 'yar taki mai karatun nan? Ita za ta sani."

Mama ta fara waige-waige. Duk idanu na kan Yusif, wanda aka kamo aka dawo da shi yana ta zillo. Na ajiye farantin a bayan kujera, na ɗauki takalmana a hannu, na bi ta ƙofar da ya nuna mini.