Damina a Tsakar Gidan Inna Maijidda

Dakta Tajuddeen ɗan wani ƙauye ne a gefen Zakirai. Ya yi karatun ruwa har gashin kansa ya zube. Madatsar ruwa, rijiyar burtsatse, sauyin yanayi, duk a bakinsa suke. Abu ɗaya ya rage masa, a kira shi farfesa, kuma jami'a ta ce sai ya kawo bincike kan yadda damina ke ja da baya a arewacin Kano.

Sai ya sayo na'urar auna ruwan sama, wani abu kamar mazurari a kan sandar ƙarfe, mai tura saƙo zuwa kwamfutarsa a birni. Don gudun ɓarayi ya kafa ta a tsakar gidan mahaifiyarsa, Inna Maijidda.

"Inna, kar a bar akuya ta taɓa. Abin da ya shiga nan shi ne farfesancina."

"Allah ya cika shi," in ji ta.

Damina ta zo da rowa. Amma kwamfutar Dakta kullum cewa take an sheƙa ruwa a ƙauyensu. Kullum fa, kuma da hantsi. Da mai hankali ne, waya zai buga gida ya tambaya. Shi kuwa sai ya zauna ya rubuta cewa ya gano wani lungu da sauyin yanayi ya tsallake. Har ya ɗauko manyansa biyu daga jami'a su gani da idonsu kafin su sa masa hannu.

Tun a hanya suka ga gero ya kanannaɗe. Ga mutanen gari suna dawowa daga roƙon ruwa, riguna a juye.

Suna yin sallama suka tarar da Inna tsaye a kan turmi, buta a hannu, tana ɗura wa na'urar ruwa da bismillah.

Dakta ya ce, "Inna, me kike yi?"

"Abin da nake yi tun shuka. Sama ta ƙi, ni ma sai in ƙi? Ina kallo ɗana ya faɗi jarrabawa? Daga rijiyar Nababa nake ɗebowa, da wannan gwiwar tawa."

Babban cikin baƙin ya cire tabarau ya goge, ya mayar da bironsa aljihu.

"Dakta, ga sauyin yanayinka nan a kan turmi."

Inna ta dubi fuskar ɗanta, ta ga babu annuri.

"Bai isa ba ne? Akwai saura a randa."