Rigar Rani ta Baba Garbai

"Da wannan shuɗiyar rigar za ka kai ni daji? Ai ko makauniyar barewa sai ta hango ka tun daga garin Gamu!" in ji Baba Garbai.

Aisami ya dubi rigarsa ta Juma'a, kunya ta kama shi. Shi manomin lambu ne, don girmama maƙwabcinsa ya sa ta. Baba Garbai, tsohon maharbi, tun shekarar fara bai ƙara ɗaukar baka ba, yanzu ko furar da matarsa Mairamu ke damawa ba ta wuce masa. Abu ɗaya ya roƙa: a kai shi ya ƙara ganin barewa kusa.

"Mairamu, miƙo masa rigata ta rani. A'a, wannan ta damina ce, ba ki ga ta sha bagaruwa ta yi duhu ba? Waccan fara ta kwarin kanwa ce. Mai kalar rairayi nake nufi."

"Mutum na kwance, bakinsa na tsaye," in ji Mairamu, tana dariya tana share ido.

Rigar ta tsaya wa Aisami a cibiya. Tsohon ya sa aka shafe masa fuska da ƙasa, ya ƙare masa kallo ya ce, "Madalla, yanzu ka zama tudu."

A kan jaki suka bar Gure da hantsi. Aisami ya jingine tsohon a gindin tudu, inda iska ke busowa daga kwari, ya zauna kusa da shi.

"Baba, kai ma rufa da kyau."

"Wanda ke nemana ba a ɓuya masa da riga, Aisami. Kai dai kada ka motsa, ko kunama ta hau ka."

Rana ta karkata, ba ko zomo. Zuciyar Aisami ta karaya, yana tsoron ya wahalar da tsoho a banza. Can sai ga barewa uku sun fito daga cikin goruba, suna kiwo har ana jin tsinkar ciyawa.

"Ka gani?" Garbai ya raɗa, fuskarsa fal murna. "Rigar ce."

Kansa ya sauko a kafaɗar Aisami, ya yi nauyi. Aisami ya gane rai ya yi halinsa. Ya yi salati a zuci, hawaye na wanke ƙasar fuskarsa, amma bai motsa ba.

Ƙaramar barewar ta matso, ta sunsuni gefen rigar, ta ci gaba da kiwonta.