Gangar da Ke Tona Asirin Cindo

Sau uku Nasrullahi na Maigatari yana kai Cindo ƙasa a filin kokawa, kuma duk a kamu ɗaya. Da Cindo ya sunkuya zai ɗauko ƙafa, sai ya tarar an riga an janye ta, kafin ya miƙe an dirka shi kan rairayi. Mutumin da ya shekara goma sha biyu yana kayar da maza daga Ɗanzomo har Gagarawa! Abin ya ci masa rai, har ya rantse gaban jama'a cewa in aka yi na huɗu a kokawar bayan girbi, ya ajiye bante ke nan.

Lokaci ya matso. Ya nemi Malam Nehemiya, malamin wasanni a Gumel, mai manhaja a waya da ke rage gudun bidiyo har ka ga ƙiftawar ido. Malamin ya tattaro bidiyon karawar uku daga 'yan kallo, ya zo gidan Cindo ranar Asabar da hantsi. Suka zauna a zaure, ya kashe sautin don ihu ya yi yawa, ya shiga zana layuka kan gwiwar Cindo yana ƙirga daƙiƙoƙi.

"Gwiwarka lafiya lau," in ji shi. "Saurinka ma bai ragu ba."

"To yaya yake riga ni, Malam? Ko asiri ne?"

"Manhajata ba ta auna asiri."

Har kusan azahar suna abu ɗaya. Garin mayar da bidiyon baya, yatsan Malam ya taɓa sauti, ganga ta cika zauren. Rahamatu, matar Cindo, tana bayan katanga tana sheƙar riɗi, sai aka ji ta ce, "Yanzu zai sunkuya."

A wayar kuwa Cindo ya sunkuya. Suka sa na biyu, ta sake faɗa, ko kallon wayar ba ta yi.

"Ke, yaya aka yi kika sani?"

"Baba Ɗanjuma mai ganga mana. Duk sanda za ka kai hannu sai ya saki takenka. Mu daga inda mata ke tsayawa ba ma hango fili, da kunne nake kallonka."

Malam ya fito da zanen sautin a ƙarƙashin hoton. Ga shi nan ɓaro-ɓaro: taken, wato kiɗan da Cindo kaɗai ake yi wa, yana tashi daƙiƙa biyu kafin ya sunkuya, ƙafar Nasrullahi kuma ganga take bi.

Cindo ya ƙura wa zanen ido. Baba Ɗanjuma ne ya yi wa mahaifinsa kiɗa, da wane baki zai ce masa ya daina? Haka dai suka je suka nuna wa tsohon. Ya kalla sau biyu, idonsa ya kawo ruwa.

"Kafaɗarka nake gani, ɗana. Da ta motsa hannuna yake tafiya da kansa. Ashe ni nake kayar da kai." Ya goge ido da hannun riga. "Wato yaron nan ni yake saurare? To, madalla. Ku bar ni da shi."

Ranar kokawa aka kama, aka jima ana tura juna. Cindo yana tsaye ƙyam sai ganga ta saki take. Nasrullahi ya fizge ƙafa daga hannun da bai zo ba, ya rage kan ƙafa ɗaya kamar zakara. Cindo ya rungumo ƙugunsa ya shimfiɗe shi. Fili ya kaure da ihu, Rahamatu ta rangaɗa guɗa, Malam Nehemiya don murna ya manta bai danna ɗaukar bidiyo ba.

Jama'a suka zo ɗaga Cindo, ya ratsa su ya saɓi Baba Ɗanjuma a kafaɗa, da shi da gangarsa.

"Shekara arba'in ina kiɗa, yau ce rana ta farko da gangata ta yi ƙarya," in ji tsohon yana dariya. "Tsaya daidai, ɗana, in yi maka na gaskiya."